Ciwon Ƙafa a Wajen Masu Gudu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ya san masu gudu iri-iri ne. Akwai samari masu shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma, akwai 'yan ƙwallon unguwa, akwai kuma magidanta da likita ya ce su rage teɓa saboda hawan jini. Kokensu dai kusan ɗaya ne, kuma galibi daga gwiwa ne zuwa ƙasa. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakinsu.

Ban faɗi ba, ban yi tuntuɓe ba. Daga ina ciwon nan ya fito?

Daga tarin aiki. Duk takun da ka yi a guje, ƙafar da ta sauka tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinka sau 2 zuwa 3, kuma a kilomita ɗaya kana yin taku kusan 1,000. Ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33 da ke cikin kowace ƙafa su ke raba wannan dukan a tsakaninsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne, sassan jiki ba sa sabawa da wahala a lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna warwarewa cikin makonni kaɗan, jijiya da ƙashi kuwa sai sun ɗauki watanni. A mako na uku sai ka ji haki ya ragu, ka ce ai ka zama gwani, ka ƙara nisa, alhali ƙashin ƙwaurinka yana can baya. Ƙashi yana gyara kansa ne kamar yadda ake sabunta yaɓen katanga: a fara kankare tsohuwar ƙasa, sannan a shafa sabuwa. A tsakanin kankarewa da shafawar ne katanga ta fi rauni, kuma daidai lokacin ne mai gaggawa ke ƙara mata kaya.

An fi ganin haka idan aka sanar da ɗaukar sababbin sojoji. Yaron da bai taɓa gudun kilomita 2 a jere ba sai ya shiga yi safe da yamma, wani ma har da jakar yashi a baya. Ranar jarrabawa ta zo yana ɗingishi. Garaje ba ƙarfi ba ne. Masu horarwa kan ce kada ƙarin nisan mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon jiya. Lambar ba saukakkiya ba ce, amma ta fi babu. Mai farawa kuma ya bar kwana ɗaya tsakanin gudu da gudu.

Idan na tashi da asuba, takun farko kamar na taka ƙusa a diddige. In na ɗan zagaya sai ya lafa. Mene ne wannan?

Akwai wata faffaɗar jijiya mai kauri da ta tashi daga ƙashin diddige ta bazu zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa. Idan aiki ya yi mata yawa, sai ta gaji a daidai inda ta kama diddigen. Cikin dare tana takurewa, shi ya sa takun farko ya fi zafi.

Kafin ka sauko daga gado, kama yatsun ƙafar ka janyo su sama wajen ƙwauri, ka riƙe na daƙiƙa 30, ka maimaita. Da rana ka dafa bango ka miƙar da sha-raɓa. Da yamma ka sa kwalbar ruwa mai ƙanƙara a ƙasa ka mirgina ta da tafin ƙafa. Abin da ya fi waɗannan duka amfani shi ne ƙarfafawa: naɗe tawul ka sa a ƙarƙashin yatsu, ka ɗaga diddige a hankali, ka sauke a hankali. Ka kuma daina yawo a kan siminti ba takalmi, ko da silifa ɗin da ya suɗe ya zama kamar takarda.

Ciwo ne mai naci, yakan kai watanni, amma mafi yawan masu shi suna warkewa cikin shekara ba tare da an kai ga tiyata ba. Idan hoton ƙashi ya nuna wani ɗan tsiro a diddige, kada hankalinka ya tashi, mutane da dama suna da shi ba su taɓa jin komai ba. Allurar kotizon ta rage kumburi kuwa sauƙinta na ɗan lokaci ne, in aka yawaita ta tana iya raunana jijiyar har ta tsinke.

Ƙwaurina ke ciwo. Yaya zan gane ko gajiya ce ko ƙashi ne ya tsage?

Da yatsa. Bi gefen ƙashin ta ciki kana dannawa daga sama zuwa ƙasa. In zafin ya bazu, ya kai faɗin tafin hannu ko ya fi, kuma yana raguwa idan jiki ya ɗumama, galibi gajiyar ƙashi ce da naman da ke jikinsa. Rage nisa, ka sauka daga kwalta zuwa turɓaya mai tauri, ka koma keke na 'yan makonni.

In kuwa wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, yana ƙaruwa muddin kana gudu, yana damunka ko a tafiya ko cikin dare, kuma ba ka iya tsalle da ƙafar ita kaɗai, to ka ɗauka tsagewa ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. A makonni 2 zuwa 3 na farko hoton ƙashi yakan fito fes alhali tsagar tana nan, don haka kyawun hoto bai zama izinin komawa fili ba. Irin wannan yakan buƙaci makonni 6 zuwa 8 ba gudu. Wurare biyu kuma ba a jira da su ko kaɗan: ciwo mai zurfi a matsematsi, wanda kan iya zama wuyan ƙashin cinya, da ciwo a tsakiyar bayan ƙafa kusa da idon sawu.

Ke kuma 'yar'uwa mai gudu, idan al'adarki ta ɗauke na watanni bayan kin tsananta atisaye kuma ba ciki ba ne, jikinki ne ke cewa abinci bai kai aikin ba. A wannan hali ƙashi yana saurin tsagewa. Ki ga likita.

Na yi targaɗe a idon sawu. Wajen mai ɗori zan nufa ko asibiti?

Ban raina maɗora ba, akwai masu hannu a cikinsu, kuma a ƙauyuka da yawa su ne na kusa. Sai dai hannu ba ya ganin cikin ƙafa. Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 wadda kowa zai iya gwadawa. In ba ka iya yin taku 4 a kan ƙafar ba, ko kuma an danna ƙashin idon sawu ta bayansa ko bakinsa ka ji zafi, ko ƙashin gefen ƙafa da ke layin ƙaramin yatsa, ko ƙashin da ya ɗan turo ta ciki a saman lanƙwasar tafi, to a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa. In babu ko ɗaya, da wuya a ce karaya ce.

Abin da na fi ƙi shi ne ja da murzawa da gashi da ruwan zafi tun ranar farko. Jijiya ce ta yage, jini yana tsiyaya a ciki, zafi da murza kuwa kumburi suke ƙarawa. A kwanaki 2 zuwa 3 na farko a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar bisa matashi. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, suka yi duhu ko suka mutu, a kwance shi nan take, ko wane ne ya ɗaura.

Bayan nan kwanciya ba ta da riba. Ko likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, daga baya ya ce wuce gona da iri a kansu yana jinkirta warkewa. Da zarar zafi ya bari, fara takawa, ka riƙa juya ƙafar. Sannan ga abin da kowa ke tsallakewa: idon sawun da ya taɓa targaɗe yana rasa saitinsa, shi ya sa yake maimaitawa. Tsaya da ƙafa ɗaya duk lokacin da kake asuwaki. In ka ƙware, rufe ido. In ka ƙware a nan ma, hau kan matashi. Asibitin da ke da likitan gashin ƙashi, wanda a nan ake kira kine, ya fi dacewa da wannan mataki.

Agarata tana ciwo, ta yi kauri. In huta kawai?

Hutu kaɗai ba ya gyara agara, aiki take so amma a ma'auni. Wani likita a Suwidin, Håkan Alfredson, ya wallafa tsarinsa a 1998: ka tsaya da kan yatsu a bakin matakala, ka hau da ƙafa biyu, ka sauke diddigen mai ciwo shi kaɗai a hankali har ya gota bakin matakalar. Sau 15 har zagaye 3 da gwiwa a miƙe, haka kuma da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, tsawon makonni 12. In ciwon a daidai inda agara ta kama ƙashin diddige yake, a yi shi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ban da gotawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: maganin siprofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa don taifot, yana iya raunana agara har ta tsinke. Mai shan sa ya ajiye gudu, in ya ji ciwo a wurin ya koma wa likita. Alamar tsinkewa kuwa ba ta ɓuya, sai ka ji kamar an jefe ka da dutse ta baya, ka waiga ba kowa, ka kasa ɗage. Wannan na asibiti ne a ranar.

Abokaina suna shan tramol ko diklofenak kafin fita. Akwai laifi?

Akwai, babba ma. Ciwo shi ne kaɗai hanyar da ƙashi mai shirin tsagewa ke iya yi maka magana. Ka toshe masa baki, ka yi kilomita 10 a kansa, tsaga ta zama karaya. Tramol ɗin da ya riga ya cinye samari da yawa a yankin nan yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Diklofenak da ibuprofen kuwa ƙoda suke taɓawa idan jiki ba ruwa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40, haɗa su da doguwar zufa kasada ce, balle ga mai azumi. Da azumi a mayar da gudu bayan buɗa-baki, a kuma rage shi. Wanda ya san jininsa AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila, ya ƙara kula, domin matsanancin gudu cikin zafi ba ruwa yana iya kayar da shi farat ɗaya.

Kambas ɗin gwanjo ya isa? Ai Abebe Bikila ma ba takalmi ya yi nasara.

Gaskiya ne, ɗan Habashan nan ya cinye gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi. Amma ƙafa ce da ta saba tun ƙuruciya, kuma da ya sake cinyewa a Tokiyo a 1964 da takalminsa. Hanyoyinmu kuma akwai tsidau da ƙusa da fasasshiyar kwalba. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanos.

Gwanjo ba laifi ba ne in ka iya zaɓe. Takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma soson ƙasansa ne ke mutuwa tun saman yana ƙyalli. Ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkata gefe, bar wa mai shi. Danna soson da babban yatsa, in ya yi tamoji ko ya ƙi dawowa, ya gama aiki. Gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, a bar faɗin babban yatsa tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin. Baƙin farce da ke damun masu gudu galibi matsewa ce ke kawo shi.

'Yan Marwa masu gudu cikin yashin Mayo Kaliyawo da rani su sani, yashi yana sassauta wa ƙashi amma yana ƙara wa agara da sha-raɓa aiki. A fara da kaɗan.

Faso da cin ruwa da bororo fa?

Kaushi da fason hunturu: jiƙa ƙafa, goge da dutse, shafa man kaɗanya da dare, sa safa. Cin ruwa yana son danshi, don haka bayan alwala a tsane tsakanin yatsu kafin a zura safa, in ya kama a nemi man kulotirimazol a kantin magani. Bororo ƙarami a bar shi, babba a huda gefensa da allura mai tsabta a bar fatar a kai. Mai ciwon suga shi kam kada ya huda komai da kansa, ya duba tafin ƙafarsa kullum, ƙaramin miki ma ya kai shi asibiti.

Yaushe zan koma gudu? Burina tseren Dutsen Kamaru.

Sai ka iya tafiyar sauri ta minti 30 ba ciwo, ka kuma yi tsalle 10 da ƙafar ita kaɗai ba ka yamutsa fuska ba. Daga nan gudun minti 1, tafiyar minti 2, na kamar minti 20, yau a yi gobe a huta. Alƙalinka shi ne washegari da safe: in ciwon ya fi na jiya, ka koma matakin baya.

Tseren na Buea, wanda aka fara a 1973, hawa ne zuwa ƙololuwar da ta haura mita 4,000 sannan a gangaro, kuma Sarah Etonge ta cinye shi sau 7. Gangarowar ce ke cin cinya da gwiwa da farce, fiye da hawan. Ɗan Garwa da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin Binuwai yana buƙatar watanni yana koyon sauka a tuddan Ngaundere ko duwatsun Mandara wajen Mokolo, da gajerun taku, kafin ya sayi tikitin mota zuwa kudu.