Duban Gudanar Jini da Na'ura Mai Araha: Tambayoyi da Amsoshi

Ta yaya sauti yake nuna gudun jini?

Na'urar duban cikin jiki da sauti (ultrasound) tana tura sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 15 a daƙiƙa, wanda kunne ba ya ji, sannan ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo. Idan jajayen ƙwayoyin jini suna tahowa wajen kan na'urar, kaɗawar takan ƙaru, idan kuma suna nisantarsa sai ta ragu. Christian Doppler ne ya bayyana wannan a 1842, kuma Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka ya gwada shi a jikin mutum a shekarun 1950. Da sauti mai kaɗawa miliyan 5, jinin da ke tafe kai tsaye da gudun rabin mita a daƙiƙa yana kawo bambancin kaɗawa kusan sau 3,200 kawai a daƙiƙa. Wannan bambancin, kunne yana iya jinsa, shi ya sa ake jin shuu-shuu a duk bugun zuciya.

Mene ne FPGA, kuma me ya sa ya dace da aikin?

Ƙaramin guntun lantarki ne da injiniya ke iya sake tsara mahaɗansa bayan an ƙera shi, kuma shi ake sa wa na'urar mai araha don ya sarrafa amsa-kuwwar. Kamfanin Xilinx ya fara sayar da irinsa a 1985. Kan na'ura mai tashoshin sauraro 64, kowace tana ɗaukar awo sau miliyan 40 a daƙiƙa, yana fitar da bayanai da suka fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta. FPGA kuwa yana jinkirta kowace tasha daidai gwargwado, ya tara su duka a lokaci guda. Lissafin da ke zana ja da shuɗi a allo don nuna inda jini ya nufa, wanda masanin Japan Kasai da abokan aikinsa suka wallafa a 1985, mafi yawansa ninkawa ne da tarawa, don haka guntu mai araha yana ɗaukarsa.

To, ina wahalar take?

Tana wajen tacewa, kuma a ganina nan ne ake gane aikin ƙwarai. Amsa-kuwwar bangon jijiya da tsoka ta fi ta jini ƙarfi sau ɗari ko fiye, ga shi bangon ma yana motsi da kowane bugu. Idan matatar ta yi sako-sako, launi ya malale a kan tsoka; idan ta yi tsauri, jini mai tafiya a hankali cikin ƙananan jijiyoyi ya ɓace, likita ya zaci hanyar ta toshe. Akwai kuma iyakar da kuɗi ba ya kawarwa. Sauti yana tafiyar mita 1,540 a daƙiƙa cikin jiki, kuma sai an jira amsa-kuwwarsa ta dawo kafin a sake turawa, saboda haka a zurfin santimita 15 ba a iya tura shi fiye da sau 5,000 ko makamancin haka a daƙiƙa. Jinin da gudunsa ya zarce abin da wannan ke iya aunawa sai ya bayyana kamar baya yake komawa.

Za a iya duba maras lafiya da irin wannan na'ura?

Sai an gwada ta da ruwan gwaji mai sanannen gudu, an auna ƙarfin sautin da take zubawa a jiki don kada ya ɗumama tsoka, sannan hukumar da ke kula da kayan asibiti ta amince da ita. Kafin nan, wurinta ɗakin bincike ne da ajin koyarwa.