Siyasa a zauren kotu: abin da shari'ar zaɓen Filato ta tona

Tun bayan shari'o'in zaɓen 2023, da wuya hirar siyasa ta tashi a Jos ba a tsinci kai a kan alƙalai ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Wai me ya faru a Filato har jama'a suka yanke ƙauna?

A Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen Gwamna Caleb Mutfwang na PDP, ta ba Nentawe Yilwatda na APC kujerar. Ba ƙuri'u ta ƙirga ba. Cewa ta yi PDP ta ƙi bin umarnin Babbar Kotun jihar na sake zaɓen shugabanninta, don haka ba ta da hurumin tsayar da kowa takara. Da wannan hujjar aka kori 'yan majalisar dokokin jiha 16 cikin 24, da sanatoci biyu, da wasu 'yan majalisar wakilai. Ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta mayar wa Mutfwang kujerarsa. Ta ce tsayar da ɗan takara harka ce ta cikin gidan jam'iyya, APC ba ta da ta cewa a ciki.

To me ya hana 'yan majalisar komawa kujerunsu?

Sashe na 246(3) na kundin tsarin mulkin 1999. Shari'ar zaɓen ɗan majalisa, na jiha ko na tarayya, a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tuƙewa. Ta gwamna da ta shugaban ƙasa ce ke isa Kotun Ƙoli. Shi ya sa hujja ɗaya ta haifi sakamako biyu: wanda yake da hanyar zuwa sama ya tsira, sauran kuwa hukuncin da aka ce kuskure ne ya zauna daram a kansu.

Mene ne bambancin rikicin kafin zaɓe da ƙarar zaɓe?

Rikicin kafin zaɓe shi ne irin su zaɓen fid da gwani da sauya sunan ɗan takara. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta kai shi Babbar Kotun Tarayya, kuma wanda ya shiga zaɓen fid da gwanin ne ke da ikon ƙara, cikin kwana 14 da kundin tsarin mulki ya tanada. Ƙarar zaɓe kuwa ana shigar da ita a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe cikin kwana 21 da bayyana sakamako. Kotun tana da kwana 180, kowane matakin ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. In wa'adin ya cika, magana ta mutu, ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa fili. Lauyan da ya san ba shi da hujja yakan ci lokacin ne da ƙananan buƙatu.

Ta ina ɗan siyasa ke samun hannu a kan alƙali?

Mutane sun fi hango jakar kuɗi da tsakar dare. Amma ƙofofin da doka da kanta ta bari a buɗe sun fi ta girma.

Ta farko naɗi. Alƙalin Babbar Kotun jiha, sunansa na fara fitowa ne daga hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jihar. A teburin nan akwai Babban Jojin jiha, akwai Antoni Janar wanda kwamishinan gwamna ne, akwai lauyoyi biyu da wasu mutum biyu da gwamna ya naɗa. Daga nan sunan ya tafi Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, a Abuja, ita kuma ta miƙa wa gwamna ya sa hannu. Wanda bai da uwa a gindin murhu kan faɗi tun a tankaɗen farko, NJC ba ta ma ga takardunsa ba. Can Abujan ma, Alƙalin Alƙalai ne shugaban NJC, kuma shi ke zaɓo mafi yawan mambobinta. Iko ya taru a hannu ɗaya ke nan.

Sai kuɗi. Sashe na 121(3) ya ce a ba shugabannin kotuna kuɗinsu kai tsaye, amma gwamnoni sun daɗe suna jan ƙafa. A kan haka ma'aikatan kotu na JUSUN suka rufe kotuna fiye da wata biyu a 2021. Buhari ya fitar da umarni mai lamba 10 a 2020 don tilasta wa jihohi, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022. Babban Jojin da sai ya je gidan gwamnati neman kuɗin dizal da motocin alƙalai, ba sai an kira shi a waya ba kafin ya san inda ake so ya karkata.

Akwai kuma tsoro. Sashe na 292 ya ce ba a cire Alƙalin Alƙalai sai da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Duk da haka, ranar 25 ga Janairu, 2019, makonni kaɗan kafin zaɓe, aka dakatar da Alƙalin Alƙalai na lokacin, Walter Onnoghen, bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Ko yana da laifi ko babu, ƙananan alƙalai sun ga abin da ya faru.

Shari'ar manyan da ake tuhuma da cin dukiyar jama'a fa, me ke kashe ta?

Wani lokaci rashin hujja, wani lokaci sashe na 174 da na 211. Sun ba Antoni Janar na tarayya da na jiha ikon karɓe shari'ar laifi ko janye ta kafin a yanke hukunci. Shi kuwa minista ne ko kwamishina, shugaban ƙasa ko gwamna ne ya ba shi kujerar.

Ke nan duk hukuncin da ya ba jam'iyya mai mulki nasara saye aka yi?

A'a. Ƙararraki da yawa lauyoyi ne ke kashe su: a makara wajen shigarwa, ko a jibge wa kotu takardun sakamako ba tare da shaidun rumfunan zaɓe ba. Mutfwang ma yana jam'iyyar adawa ya yi nasara a Kotun Ƙoli. A karanta hukuncin kafin a zagi alƙali.

In ina da hujjar alƙali ya karɓi na goro, ina zan nufa?

Rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban NJC, ofishinsu na harabar Kotun Ƙoli a Abuja. Sa sunan alƙalin, lambar shari'ar, rana da wurin da abin ya faru, da shaidunka. Haɗa da takardar rantsuwa da ka yi a kotu, kuma kada ka wuce wata shida da faruwar lamarin. Ƙorafin da ba suna, ko wanda duk abin da ke cikinsa shi ne hukunci bai yi maka daɗi ba, watsi ake yi da shi. NJC na iya gargaɗi, ko dakatarwa, ko ba da shawarar kora, amma ba ta soke hukunci. Saboda haka ka sa lauyanka ya ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, kada ka zauna jiran amsarta.