Yawon buɗe ido a tsibirin Menorka

Menorka tsibiri ne na ƙasar Sifaniya a yammacin Bahar Rum, cikin rukunin tsibiran Baliyar da ya haɗa da Mayorka da Ibiza. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 700 ne, kuma titin Me-1 da ya ratsa shi daga Maó, babban birni a gabas, zuwa Ciutadella a yamma bai wuce kilomita 45 ba. Mutanen wurin suna jin Katalanci da Sifaniyanci. A 1993 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin baki ɗaya cikin keɓaɓɓun yankunan kare halittu, kuma tun daga nan tsarin karɓar baƙi ya ginu a kan taƙaita gine-gine, da motoci, da amfani da ruwa. Wanda zai je hutu can sai ya tsara tafiyarsa bisa waɗannan iyakoki.

Tarihi a taƙaice

Tsofaffin gine-ginen duwatsu na al'adar Talayot, wato ta mutanen da suka zauna a tsibirin tun kafin zuwan Rumawa, irin su kabarin Naveta des Tudons da ƙauyen Torre d'en Galmés, sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2023. Musulmin Andalus sun mulki tsibirin daga shekarar 903, suna kiransa Manurƙa, har zuwa 17 ga Janairu 1287 da Sarki Alfonso na III na Aragon ya ci shi da yaƙi. Babban cocin Ciutadella a kan harsashin masallacin Juma'a na wancan zamani yake, hasumiyar ƙararrawarsa kuma a kan tushen hasumiyar kiran salla. Turawan Ingila sun riƙe tsibirin sau uku tsakanin 1708 da 1802. Su suka mayar da gari mai mulki zuwa Maó a 1722 saboda tashar ruwanta mai zurfi da ta kai tsawon kilomita 5.

Ƙasa, teku da dokokin kiyaye su

Tsibirin kashi biyu ne. Arewa tsofaffin duwatsu ne masu ja da duhu, iskar da ake kira tramuntana tana dukanta, yashinta ja-ja ne kamar a Cavalleria da Cala Pregonda. Kudu kuwa farin dutse ne mai kwazazzabai da ke ƙarewa a ƙananan lungunan teku masu farin yashi, irin su Macarella, Turqueta da Mitjana. Ƙa'idar mazauna wurin mai sauƙi ce: idan iska ta taso daga arewa a nufi kudu, idan daga kudu take a nufi arewa. Wanda ya saɓa wannan zai tarar da igiyar ruwa, wani lokaci har da wasu halittun teku masu yauƙi da ke harbi.

Garau ɗin da ruwan yake da shi aikin wata ciyawa ce ta ƙarƙashin teku mai suna posidoniya. Tana riƙe yashi, tana tace ruwa, tana ba ƙananan kifaye mafaka, amma girmanta 'yan santimita ne kacal a shekara, don haka abin da angar jirgi ɗaya ta tumɓuke cikin minti kaɗan yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. Dokar yankin ta 2018 ta hana jefa anga a kanta. Mai hayar kwalekwale ya nemi wurin da ƙasan ruwa ya yi fari, alamar yashi ke nan, ya guji wurin da ya yi duhu. Busassun ganyenta da ke taruwa a gaɓa ba shara ba ne: su ke hana teku cinye yashi da hunturu, shi ya sa ake barinsu a wurare da dama.

Matsalar da ta fi tsanani ita ce ruwan sha. Babu babban kogi, an dogara ne da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda yawan zuƙa a watannin zafi ke sa gishirin teku kutsawa cikinsa, ga kuma takin gonaki da ke gurɓata shi. Tun 2016 kowane baƙo mai shekara 16 zuwa sama yana biyan harajin yawon buɗe ido a kan kowane dare, gwargwadon darajar masaukinsa, da ragi mai yawa a watannin sanyi.

Camí de Cavalls

Wannan tsohuwar hanyar dawakin masu gadin gaɓa ce da ta kewaye tsibirin, tsawonta kilomita 185, an raba ta zango 20. Bayan doguwar gwagwarmayar mazauna, wata doka ta 2000 ta mayar da ita hanyar jama'a, aka kammala buɗe ta a 2010. Ana bin ta a ƙafa, a keke ko a kan doki. Zangunan arewa sun fi wuya, babu inuwa sosai, kuma akwai dogayen wurare da ba a samun famfo ko shago, don haka da zafi a ɗauki aƙalla lita 3 na ruwa ga mutum ɗaya, a kuma fita da sassafe. Hanyar tana ratsa gonakin mutane. Duk ƙofar itacen zaitun daji da aka buɗe sai a rufe ta, in ba haka ba shanu su fice.

Abinci

An naɗa Menorka yankin abinci na Turai na shekarar 2022. Ginshiƙin abincinta shi ne cukun Mahón-Menorca, mai rajistar asali tun 1985. Daga nonon shanu ake yin sa, a ƙulle shi cikin ƙyallen auduga a matse, shi ya sa yake fitowa da kusurwa huɗu da shaidar ƙulli a samansa. Ana shafa wa bayansa man zaitun, sau da yawa da garin tattasai. Mai taushi yakan yi kwana 21 zuwa 60, matsakaici wata 2 zuwa 5, tsoho kuma ya haura wata 5, yana da gishiri da ɗan yaji.

A garin Fornells aka fi sanin caldereta, farfesun wani babban jatan lande da ake kira langosta, wanda ake dafawa a tukunyar ƙasa da tumatir, albasa da tafarnuwa, a zuba a kan siraran yankan busasshen burodi. Daga Afrilu zuwa Agusta kaɗai aka yarda a kama shi, kuma yana da tsada. Abincin manoma shi ne oliaigua, romon tumatir da man zaitun da ake ci da ɗanyen ɓaure; ba a bari ya tafasa, domin idan ya tafasa mai da ruwa sai su rabu.

Baƙo Musulmi ya kula: sobrassada da carn-i-xulla naman alade ne, burodin ensaïmada da kitsen alade ake kwaɓa shi, pomada kuwa giya ce da aka gauraya da lemo. A tambaya ko an sa giya a miyar kifi.

Sana'a da ƙira

Takalmin avarca shi ne tambarin tsibirin: fata a sama, maɗauri ɗaya a dunduniya, tafinsa kuma asali da tsohuwar tayar mota manoma suke yanka shi. Har yanzu Ferreries da Alaior da Ciutadella garuruwan dukawa ne. A tsibirin Illa del Rei da ke cikin tashar Maó, gidan zane-zane na Hauser & Wirth ya buɗe a 2021 a wani sashe na tsohon asibitin sojan ruwa na ƙarni na 18, da lambun da Piet Oudolf, mai tsara lambuna ɗan ƙasar Holan, ya tsara. Kusa da Ciutadella akwai Lithica, tsohuwar mahaƙar dutsen gini da aka mayar lambuna da dandalin wasanni maimakon a cike ta da shara.

Lokacin zuwa da zirga-zirga

Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba sun fi daɗi. A Yuli da Agusta cunkoso da tsada sukan kai maƙura. Ranakun 23 da 24 ga Yuni ake bikin Sant Joan a Ciutadella, inda mahaya ke tsayar da baƙaƙen dawakin tsibirin a kan ƙafafun baya a tsakiyar jama'a, abin da zai tuna wa Bahaushe hawan salla. Ana isa ta filin jirgin sama na kusa da Maó, ko ta jirgin ruwa daga Barsalona, Balensiya ko Alcúdia ta Mayorka. Masu fasfon Najeriya ko Nijar suna buƙatar bizar Shengen. Da zafi akan rufe wa motoci hanyoyin Macarella da Favàritx (wani tsinin gaɓa mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa a arewa maso gabas), sai bas, kuma wuraren ajiye mota na sauran lungunan kudu sukan cika tun da hantsi, don haka a sayi tikitin bas tun kafin ranar.