Jikoki za su zo hutu, maigida kuma yana fama da gigin tsufa: ya za a yi?

Shekara huɗu ke nan maigidana Malam shina fama da ciwon mantuwa, kuma duk dogon hutu na Agusta jikokina uku, masu shekara 13, 15 da 17, suna zuwa wurinmu nan Mabera cikin Sakkwato su yi sati biyu. Mata da yawa a islamiyya da gidan biki sun sha tare ni da tambaya, to ga abin da nake gaya masu.

Hajiya, wai ciwo ne ko tsufa ne kawai?

Ciwo ne wallahi, ba sammu ba ne kuma ba iska ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da shi a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari irin wanda ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906, wani nau'in kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi. Ba a warkewa, amma akwai maganin da ke sassautawa, kuma wani ruɗewar ma daga wani ciwo daban take wanda ake iya magancewa, shi ya sa nake cewa a kai mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wato UDUTH, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a duba shi. Allah ma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, mutum ya koma bai san komi ba bayan ya sani.

Ba gwara a ce yaran su zauna gidansu ba?

A'a, ni ban yarda da wannan ba. Kakansu ne, kuma kwanakin da zai iya gane su raguwa suke. Amma ke za ki faɗi yawan kwana da yawan yara, ba iyayensu ba, kuma kar ki ji kunyar cewa su haɗo da abin cefane.

Mi za a gaya masu kafin su zo?

Gaskiya tsirararta, yaro mai shekara goma sha ba jariri ba ne. Ki ce masu zai iya kiranka da sunan babanka, zai tambaye ka yaushe kaz zo sau goma kafin azahar, kuma abin da ya fi zafi zai iya cewa ka sace mai kuɗi ko carbi. Wannan ya faru da babban jikana, yaron ya shige ɗaki shina kuka wai kaka ya ce mai ɓarawo gaban ƙannensa, alhali Malam ne da kansa ya cusa kuɗin cikin hula ya manta. Tun daga nan na koya masu amsa ɗaya, kar a yi musu kar a rantse, a ce "Kaka mu duba tare", kafin a gama dubawa ya manta da zancen.

To wasan jika da kaka fa?

Nan ne na fi son a saurare ni, don al'adarmu ce kuma ba wanda ke kawo ta a rai. Da can jikanyata takan shigo ta ce mijina ina kuɗin cefane, ya ce na sake ki, kowa ya yi dariya. Yanzu ƙwaƙwalwarsa ba ta rarrabe wasa da gaskiya, ranar da ta ce mai haka hankalinsa ya tashi har dare shina neman kuɗin da zai ba ta. Haka ɓoye mai takalmi ko sanda, ko a ce mai kaka ka tsufa ka ƙi mutuwa, duk na hana. Abin da na fi tsana shi ne a riƙa gwada shi, "wane ne ni? ka gane ni?", kunya kawai ake ba shi, yaro ya faɗi sunansa da na babansa in ya zo gaisuwa shi ke nan. Ɗaukarsa bidiyo a waya a tura ma ƙawaye kuwa, na ce duk wanda ya yi ranar zai koma gidansu. Wasan bai mutu ba, su zauna kusa da shi su tambaye shi zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ko yadda ake fatauci zuwa Illela, za ki ga bakinsa ya buɗe, don tsohon labari ya fi na jiya zama a kansa. Karatu ma haka, su ja mai baƙi ya ƙarasa aya.

Mi ya sa ya fi rikicewa da yamma?

Masu wannan ciwon da yawa haka suke, daga bayan la'asar zuwa magariba sai ya tashi ya ce zai tafi gida alhali shina gida. Lokacin nake sa a kashe talabijin, masu kallon ƙwallo su koma zaure, a kunna fitila tun duhu bai shigo ba. Kuma a riƙa miƙa mai ruwa ko bai nema ba, mantawa yake da ƙishirwa, da zafin Sakkwato kuwa rashin ruwa a jiki shi kaɗai ya isa ya ƙara ruɗa tsoho.

Za a iya bar masu shi ki fita?

Awa ɗaya ko biyu da rana, da babban cikinsu, eh. Su zauna da shi, su ci tuwo tare, namijin ya riƙa mai hannu zuwa masallacin unguwa ya maido shi. Amma wanka, kewayawa da ba da magani ba aikinsu ba ne, mutuncinsa ne kuma nauyin ya fi ƙarfinsu. Maganin ma a kulle nake ajiye shi. Ki ja masu kunne kan ƙofar gida, yara shiga da fita suke kamar kasuwa, sau ɗaya aka bar ta buɗe sai bakin titi maƙwabci ya tsinto mana shi. Yanzu akwai takarda mai lambar wayata a aljihun kowace rigarsa.

Ke fa Hajiya, yaushe kike hutawa?

In suna nan nakan samu barcin rana, wanda sauran watanni ba na samu. Na raba masu shara, wanke-wanke da aike tun ranar farko, ban ɗauke su baƙi ba. Ranar Alhamis kuma ƙanwar Malam takan zo ta wuni, ni in je awon hawan jinina in biya gidan yayata a Runjin Sambo, in dawo kafin la'asar.