Katin farko a wasan birij: abin da doka ta ce da abin da ta bar wa ɗan wasa

Cikin katuna 52 na wasan birij, wasan kati na mutum huɗu da ake bugawa biyu da biyu, ɗaya ne kawai ake jefawa a makance, wato katin farko. Duk sauran suna sauka ne bayan abokin mai kwangila ya shimfiɗa katunansa a kan tebur kowa yana gani. Mai kwangila shi ne wanda zai buga alkawarin da ɓangarensa ya ɗauka na cin wani adadin zagaye. Mai buɗe wasa kuwa ba shi da madogara sai katunansa 13 da abin da ya ji lokacin tayi, wato kiraye-kirayen da ake yi kafin wasa don tsayar da kwangila. Shi ya sa dokokin gasa na Hukumar Birij ta Duniya, bugun 2017, suka yi wa wannan kati tanadi na musamman.

Doka ta 41 ta ce idan aka rufe tayi, wanda ke hagun mai kwangila shi ne zai buɗe, kuma a kife zai ajiye katin. Kafin a juya shi, abokin mai buɗewa da mai kwangila suna da damar neman a maimaita tayin, ko a yi musu bayanin abin da wani kira na abokan hamayya yake nufi. Hikimar a fili take. Da abokinka zai yi tambaya a kan ♥ kafin ka zaɓi kati, ai ya riga ya nuna maka inda zuciyarsa take, kuma Doka ta 16 ta hana ka amfani da irin wannan labari. Da zarar kati ya sauka a kife, ba ka da ikon sauya shi don ka sake tunani. Alƙalin wasa ne kaɗai zai iya cewa a mayar da shi, shi ma sai in an sami wata tangarɗa.

Kifewar tana kuma kare wanda ya yi riga-malam-masallaci. Idan wanda ba layinsa ba ne ya ajiye kati a kife, sai ya ɗauke abinsa, ba wanda ya gani. Amma in ya jefa shi a buɗe, Doka ta 54 ta damƙa wa mai kwangila zaɓi har biyar. Yana iya karɓar katin ya ci gaba da wasa, ko ya shimfiɗa nasa katunan abokinsa ya buga kwangilar. Yana iya ƙin karɓa ya tilasta wa mai layin ya buɗe da jinsin katin (♠, ♥, ♦ ko ♣), ko ya hana shi jinsin, ko ya bar katin a kan tebur a matsayin katin tara, wato katin da zai zauna a buɗe har a jefa shi. Hukunci ne mai nauyi, kuma ina ganin ya dace, domin katin da abokinka ya gani ba ya gogewa daga ransa.

Wane kati za ka zaɓa? Nan doka ba ta sa baki. Abin da ta nema a Doka ta 40 shi ne duk yarjejeniyar da ke tsakaninka da abokinka ta zama a fili ga abokan hamayya. In kun shirya cewa daga A da K kuna fara da A, ko kuna jefa na huɗu daga sama a dogon jinsi, ko na uku da na biyar, to a rubuta a takardar tsarinku, kuma a amsa gaskiya in an tambaya. Katin ne zai yi magana, ban da fuska ko jinkiri ko yadda aka buga shi a tebur.

Abin da ya bambanta kwangilar da ke da jinsin yanka, wato jinsin da ko ƙaramin katinsa yana cin katin kowane jinsi, da wadda ba ta da shi abu ɗaya ne: babban kati yana iya mutuwa a hannunka. A ce kwangila 4♠ ce, wato ♠ ne jinsin yanka, kai kuma kana riƙe da ♠ 7 3, ♥ A 8 6 4, ♦ Q J 10 5, ♣ K 9 2. In ka jefa ƙaramin ♥, wataƙila K yana shimfiɗe a tebur, mai kwangila kuma ♥ ɗaya tal yake da shi. K ya ci zagayen farko, a na biyu ya yanke maka A da ƙaramin ♠. In kuma A ɗin ka jefa, ka share wa K hanya. Don haka ♦ Q ne katin. Jeri ne mai haɗe da juna, ba ya ba da kyautar komai, kuma yana gaya wa abokinka cewa J yana bayansa, K kuwa ba ya hannunka. Ƙa'idar kada a jefa ƙarami daga ƙarƙashin A ba doka ba ce, ba alƙalin da zai hukunta ka a kanta, amma sabon ɗan wasa ya riƙe ta hannu bibbiyu.

Kati tilo a jinsin da ba na yanka ba yana da jan hankali, kuma sau da yawa ya cancanta. Sai dai a yi lissafi tukuna. Ba za ka sami yanka ba sai abokinka ya ci zagaye ya dawo maka da jinsin. In manyan katunan ɓangarenku duk suna hannunka, ta ina zai shiga? Haka nan in kana da katunan yanka huɗu, ya fi maka ka riƙa jefa dogon jinsinka, mai kwangila ya yi ta yanka har nasa su kasa naka yawa.

In abokinka ya ambaci wani jinsi a tayi, fara da shi sai in kana da dalili mai ƙarfi. Buɗewa da katin yanka kuma yana da lokacinsa: idan mai kwangila ya kira jinsi biyu, abokinsa ya zaɓi na biyun, alama ce abokin yana da ƙarancin na farkon kuma zai so ya yanka. Kowane katin yanka da ka cire masa ya rage masa zagaye guda.

Ga abokin mai buɗewa, in yarjejeniyarku na huɗu daga sama ce, akwai lissafin sha ɗaya. Ka debe lambar katin daga 11, abin da ya rage shi ne yawan katunan da suka fi shi a sauran hannaye uku. Abokinka ya jefa 7, tebur ya nuna K 5 2, kai kana da A J 9 3. Huɗu ne suka fi 7, kuma kana kallon duka huɗun: K, A, J da 9. Ke nan mai kwangila ba shi da ko ɗaya. In aka sa ƙarami daga tebur, sai ka sa 3, ka bar 7 ya ci, abokinka ya sake ratsa K.