Me ake nufi da kundin haɗin gwiwa a intanet?

Kundin haɗin gwiwa takarda ce guda ɗaya da ke ajiye a intanet, mutane da yawa suna buɗe ta suna rubutu a ciki lokaci guda, kowa daga wayarsa ko kwamfutarsa. A Damagaram, wanda ke unguwar Birni ya gyara layi, wanda ke unguwar Zengo ya ga harafin yana canzawa a gabansa nan take. Ni ina kallonsa kamar gayya: gona ɗaya ce, kowa da kunyar da ya kama.

Mun ga amfaninsa lokacin da mu huɗu muke haɗa ɗan littafin kula da famfon da ke aiki da hasken rana. Da farko ta WhatsApp muke tura wa juna takardar. Kafin mako ya zagayo kwafi ya yi yawa, wani ya gyara lissafin batir a tsohon kwafi, gyaran ya ɓace. A rubutun fasaha, lamba ɗaya ta kauce, an ƙona kaya.

Wanda aka fi sani shi ne Google Docs, tun 2006. Akwai Etherpad, wanda ke ba kowane marubuci launinsa. A kansa ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta gina Framapad. Masu lissafi, irin ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, Overleaf zai fi yi musu daidai don da LaTeX yake aiki, wato tsarin rubutu da ke fitar da alamomin lissafi tsaf.

Buɗe kundin ba wuya. Inda aikin yake shi ne rabon izini. A Google Docs hawa uku ne: mai karatu kawai, mai yin tsokaci a gefe, da mai gyara. Malamin da zai duba aiki, tsokaci ya ishe shi. Kada a bar kundin a buɗe ga duk wanda ya samu adireshinsa da ikon gyara, domin adireshi yana yawo daga waya zuwa waya. Kowa ya shiga da nasa asusun, ta haka tarihin gyare-gyare zai nuna wa ya taɓa me, da wane lokaci, kuma a iya komawa ga rubutun jiya in an yi ɓarna.

Abin da na fi jan hankali a kai shi ne shafin farko. A zauna a yarda da kalmomi kafin a fara: famfo za a rubuta ko pompo? Mita ko taku? A sa haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a sama, wanda wayarsa ba ta da su ya riƙa kwafa daga nan. Tun da rezo yakan yanke, a kunna damar aiki ba intanet ta Google Docs tun akwai shi. In ya dawo, abin da aka rubuta zai hau da kansa.