Narkar da Waya da Wutar Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Ilektirod

Me ke sa wutar lantarki ta narkar da waya?

Kowane ƙarfe yana ɗan turje wa wutar da ke ratsa shi, wannan turjiyar ce ke komawa zafi. James Prescott Joule na Ingila ne ya auna lamarin tun farkon shekarun 1840, ya gano cewa idan aka ninka yawan wutar sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Siririyar waya ta fi kakkaura turjiya, ga shi ba ta da jikin da za ta shanye zafin, shi ya sa ita ke fara yin ja. Ka lura da kyau: tsakiyarta ne ke soma haske, don bakunan biyu suna zubar da zafinsu cikin abin da ya riƙe su. Daga nan ta yi laushi, ta lanƙwashe, ta tsinke, a bar ɗan dunƙulen ƙarfe a kowane baki. Aikin fis ke nan a gidajenmu, an yi shi ne don ya narke kafin wayar bango ta kama.

Sai da bolt mai yawa ne?

A'a, amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke ratsa waya, ke yin wannan aikin; bolt ma'aunin ƙarfin da ke tura ta ne. Batirin mota bolt 12 ne kacal, amma yana iya sako ɗaruruwan amfiya a take. Sifana ta haɗa kawunansa biyu, nan da nan za ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Zoben hannu ma haka, kuma ƙunar da yake yi wa yatsa ba ƙarama ba ce. A cire zobe da agogo kafin a fara, a kuma sa fis a kan layin.

Wace waya ce ta fi saurin narkewa?

Abu biyu ake dubawa, zafin da ƙarfen ke narkewa da kuma turjiyarsa. Kuza na narkewa a digiri 232 na ma'aunin Salshiyos, alminiyom a 660, jan ƙarfe a 1,085, baƙin ƙarfe a 1,538. Sai dai jan ƙarfe yana da wuyar narkarwa ta wannan hanya, don wuta na wuce shi ba tare da wani cikas ba. Wayar nikurom kuwa, wadda ake samu cikin hita, haɗin nikel kashi 80 da kuromiyom kashi 20 ce, turjiyarta ta ninka ta jan ƙarfe fiye da sau 60. Da 'yar wuta kaɗan take yin jawur, ta daɗe a haka ba ta lalace ba. Mai koyo da ita ya kamata ya fara. Waya mai rufin tutiya a bar ta, hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

To ilektirod fa, wato sandar da ke kai wuta ga abin da ake aiki a kai, ya za a yi kada shi ma ya narke?

Nan ne masu gwaji da yawa ke kuskure, suna neman ƙarfen da ya fi jure zafi alhali tambayar ita ce: ina kake son zafin ya taru? Idan riƙe wayar kawai zai yi, kakkauran jan ƙarfe ya isa. Da shi ake yin bakin injin waldar ɗigo, yana narkar da baƙin ƙarfen da ya fi shi jure zafi, saboda shi ba ya tara zafi, yana ma janye wanda ya iso shi. Amma a ɗaure mahaɗar tam. Mahaɗa mai sako-sako ko mai tsatsa ita za ta fara ƙonewa.

Idan kuwa harshen wuta kake so tsakanin bakuna biyu, girafayit, wani nau'in sinadarin gawayi, shi ne gwani. Ba ya zama ruwa, sai ya haura digiri 3,600 yake tashi ya zama tururi. Da sandunan gawayi Humphry Davy ya nuna irin wannan hasken a farkon ƙarni na 19. Bakin fensir ma girafayit ne, amma gauraye da yumɓu, don haka yakan tsage ya yi tsalle. Ƙarfen tungistin sai a digiri 3,422 yake narkewa, amma iska na cinye shi idan ya yi zafi, shi ya sa masu walda ke lulluɓe shi da iskar agon. Wannan harshen wutar yana ƙona ido, gilashin walda dole ne, tabarau na rana ba ya tare shi.

Idan a cikin ruwa za a tsoma ilektirod don wuta ta ratsa ruwan fa?

Nan ba zafi ne matsalar ba, zaizaya ce. Jan ƙarfe a ɓangaren fositif (mai alamar +) yana cinyewa, ruwan ya rine. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana iya sakin sinadarin kuromiyom mai guba. Girafayit ya fi, ko da yake yana ɗan marmashewa. Ruwan gishiri na fitar da iskar kulorin, a yi amfani da hodar soda ta girki (baking soda) maimakonsa, a kuma buɗe taga saboda haidurojin mai kama wuta.

Taransifomar maikurowef, na'urar ɗumama abinci, da ake gani a bidiyo fa?

Ban yarda mai koyo ya taɓa ta ba. Yadda ta fito daga kamfani tana ba da kusan bolt 2,000, ta kuma kashe mutane da dama masu zanen katako da ita. Kafasitar da ke gefenta, wato ma'ajiyar wuta, tana iya riƙe caji bayan an cire soket. Ƙaramar na'urar ba da wuta mai maɓallin ƙayyade amfiya ta ishe ka ganin waya ta yi ja har ta tsinke, a kan bulo ko tayil, da tabaran kariya a fuska.